Magungunan Gaggawa Idan Zuciya Ta Tsaya Ko Bugunta Ya Rikice

 

Mai girma shugaban taro, shugaban wannan asibiti da ya ba mu masauki, iyayenmu manyan likitoci, shugabar ma'aikatan jinya, ungozomomi, masu harhaɗa magunguna, jami'an lafiya da suka yi sammako daga ƙananan asibitocin karkara, da ku 'ya'yanmu ɗalibai da na hango kun cika kujerun baya, barkanmu da warhaka. Ina godiya ga kwamitin shirya wannan lacca da ya ga dacewar in tsaya gabanku.

An nemi in yi magana a kan magungunan da ake bayarwa cikin gaggawa idan zuciya ta tsaya, ko bugunta ya rikice. Zan faɗi sunayensu da ma'auninsu da lokacin ba da su, amma bari in fara sanar da ku inda na dosa. Mu mutane ne da muka yarda da allura. Majinyacin da aka sallama da ƙwayoyi kaɗai yakan koma gida ya ce ba a duba shi ba. Wannan yarda ta biyo mu har cikin ɗakin gaggawa: mutum ya yanke jiki ya faɗi, sai kowa ya bazama neman allura, a bar ƙirjinsa ba hannu a kai. To, a tsayawar zuciya allura ce ta uku. Hannu ne na farko, lantarki na biyu.

1. Abin da ke faruwa idan zuciya ta tsaya

Zuciya tana da wutar lantarkinta. Wani ɗan gungu na ƙwayoyin halitta a ɗakin sama na dama shi ke kunna ta sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya, wutar ta gangara zuwa ɗakunan ƙasa, su matse, jini ya fita. Idan jini ya daina fita, cikin daƙiƙu kaɗan mutum zai sume, cikin 'yan mintuna kuma ƙwaƙwalwa ta fara lalacewa.

Idan muka jona na'ura, ɗayan abu huɗu za mu gani. Ko ɗakunan ƙasa suna karkarwa ba tsari, abin da kuke kira VF. Ko suna gudu fiye da kima har ba sa samun cika da jini, wato VT marar bugun jijiya. Waɗannan biyu shokin lantarki ne maganinsu. Ko kuma layi ya miƙe ɗoɗar, babu wuta sam. Ko wutar tana tafiya kamar lafiya lau amma ka taɓa wuya ba ka ji komai ba, wato PEA. Waɗannan biyu na ƙarshe shokin ba ya yi musu komai.

Dattawan cikinku ba su manta ranar 12 ga Agusta 1989 ba, da Samuel Okwaraji ya faɗi a babban filin wasa na Surulere a Legas ana karawa da Angola, bai sake tashi ba. Haka Marc-Vivien Foé na Kamaru a birnin Lyon a watan Yunin 2003. Amma a ranar 12 ga Yuni 2021 Christian Eriksen na Denmark ya faɗi a Copenhagen duniya tana kallo, nan take aka hau danna ƙirjinsa, aka yi masa shokin sau ɗaya, zuciyarsa ta dawo. Bai cika shekara ba ya koma buga ƙwallo. Me ya cece shi? Hannu da lantarki, cikin mintunan farko.

Danna ƙirji kuwa tun 1960 aka san amfaninsa, lokacin da Kouwenhoven da Jude da Knickerbocker suka bayyana shi a asibitin Johns Hopkins na Amurka. Sau 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6, dannawa 30 hura iska 2. Kowane minti ɗaya da ya wuce ba a yi wa mai VF komai ba, damar rayuwarsa tana raguwa da kusan kashi 10 cikin ɗari.

Ga wani abu da nake roƙon ku isar wa jama'a. Wanda zuciyarsa ta tsaya yakan riƙa jan numfashi sama-sama da ƙara, jefi-jefi. A gida sai a ce gargara ce, a fara salati, a jawo zane. A asibiti kuma wani ya ce ai yana numfashi, a jira likita. Duka biyun an yi kuskure. Wannan jan numfashi alama ce cewa yanzun nan zuciyar ta tsaya, ƙwaƙwalwa tana da sauran rai. A yi salatin, amma hannu yana kan ƙirji.

2. Adirenalin

Wannan shi ne uban tafiya, don haka zan daɗe a kansa. Tun 1901 masanin Japan Jokichi Takamine ya tace shi, a 1906 kuma Crile da Dolley suka gwada shi wajen farfaɗo da karnuka. Aikinsa a tsayawar zuciya shi ne matse jijiyoyin jini na fata da gaɓoɓi da hanji, domin ɗan jinin da hannunka yake turawa ya karkata zuwa tsokar zuciya da ƙwaƙwalwa. Ku lura da kyau, na ce jinin da hannunka yake turawa. Allurar da aka zuba a jijiyar hannun wanda zuciyarsa ta tsaya kamar ruwa ce a cikin bututun da injinsa ya mutu, inda aka zuba ta nan za ta kwanta. Mai danna ƙirji shi ne injin.

Ma'auni ga babba miligiram 1 ne ta jijiya, a maimaita duk bayan minti 3 zuwa 5. Tunda muna tsayawa duba bugu duk minti biyu, sai a riƙa ba da shi zagaye ɗaya a tsallake ɗaya. A bi shi da ruwan gishiri mililita 20, a ɗaga hannun sama. Idan layin ya miƙe ne ko PEA ce, a ba da shi da zarar an samu jijiya. Idan VF ce, shokin ne a gaba. Ƙa'idar Turai da Birtaniya ta ce a ba da shi bayan shokin na uku, Amurkawa sukan ba da shi bayan na biyu. Asibiti ya zaɓi ɗaya ya rubuta a bango, kada a tsaya musu a kan gadon majinyaci.

'Yar kwalbar da muka fi samu ita ce mai miligiram 1 a mililita 1. Ga yaro ba a ɗiba daga ita kai tsaye. A zuƙe ta a sirinji, a cika da ruwan gishiri zuwa mililita 10, sannan a ba yaro mililita 0.1 a kan kowane kilo na nauyinsa. Yaro mai kilo 10 zai samu mililita 1 ke nan. Ɗalibai, ku rubuta wannan, domin kuskure a nan ninki goma ne.

In jijiya ta ɓuya fa? Kada a shafe minti goma ana laluben hannu da ƙafa. A huda ƙashin ƙwauri ƙasa da gwiwa kaɗan, duk abin da ake bayarwa ta jijiya yana shiga ta nan. Soka allura cikin zuciya ta ƙirji, wanda ake gani a fina-finai, an daɗe da barinsa, domin yana iya fasa huhu ko jijiyar zuciya, kuma dole a dakatar da dannawa kafin a yi shi.

Yanzu ga tambayar da ta dame likitoci shekara da shekaru: shin adirenalin yana ceton rai kuwa? A 2018 aka buga sakamakon wani babban bincike mai suna PARAMEDIC2, wanda Farfesa Gavin Perkins na Jami'ar Warwick ya jagoranta a Birtaniya. Mutum 8,014 da zuciyarsu ta tsaya a wajen asibiti, rabi aka ba su adirenalin, rabi ruwan gishiri, ba tare da mai bayarwa ya san wanne ke cikin sirinjin ba. Zuciya ta dawo ga kashi 36 cikin ɗari na waɗanda suka samu maganin, sai kashi 12 kacal a ɗaya ɓangaren. Bambanci babba. Amma bayan kwana 30, waɗanda ke raye kashi 3.2 ne a nan, kashi 2.4 a can. Waɗanda suka tashi da ƙwaƙwalwa mai kyau kuma kusan kunnen doki aka yi, kashi 2.2 da kashi 1.9.

Me za mu ɗauka daga wannan? Wasu sun ce a daina ba da shi. Ni ban yarda ba. A wancan binciken sai da aka wuce minti 20 daga kiran motar asibiti kafin yawancin majinyatan su samu allurar. Ku kuwa majinyacinku yana kan gado a gabanku, kanula tana hannunsa. Abin da binciken ya koya mini shi ne adirenalin yana iya tayar da zuciya, amma ba ya dawo da ƙwaƙwalwar da aka bari ba jini. Don haka a ba da shi da wuri, kuma kada a ɗaga hannu daga ƙirji saboda shi. Ƙara ma'auni zuwa miligiram 5 ko 10 an gwada shi a shekarun 1990, bai ƙara yawan masu fita asibiti da rai ba.

Gargaɗi ɗaya kafin in wuce. Miligiram 1 ta jijiya na wanda ba shi da bugu ne kaɗai. Wanda wata allura ko harbin zuma ya tayar wa da borin jini mai tsanani, fuska ta kumbura, numfashi ya sarƙe, rabin miligiram ake yi masa a tsokar cinya. Ka ɗura wa mai rai cikakkiyar kwalba ta jijiya, kai ne za ka jefa zuciyarsa cikin VF.

3. Amiyodaron da lidoken

Idan an yi shokin sau uku zuciya tana nan tana karkarwa, sai a ba da amiyodaron miligiram 300 ta jijiya, bayan shokin na biyar a ƙara 150. An ƙirƙiro shi a Beljiyam a farkon shekarun 1960, daga binciken da aka yi a kan wani tsiro da mutanen Masar suka daɗe suna magani da shi. Da ruwan sukari mai kashi 5 ake sirka shi.

Na san wasunku suna cewa a ransu, ina muka ga amiyodaron a ƙauye? To ga albishir. A 2016 an buga wani bincike da aka yi a Amurka da Kanada a kan mutum 3,026. Waɗanda suka fita asibiti da rai kashi 24.4 ne da amiyodaron, kashi 23.7 da lidoken, kashi 21 da ruwan gishiri. Tsakanin magungunan biyu ba a ga wani bambancin a-zo-a-gani ba, kuma amfaninsu ya fi fitowa ga wanda aka ga faɗuwarsa aka yi saurin kai masa ɗauki. Lidoken kuwa duk inda ake ɗinkin rauni akwai shi. Miligiram 100 ga babba, wato mililita 5 na mai kashi 2, a ƙara 50 bayan shokin na biyar. Sai dai a karanta kwalba: wanda aka gauraya da adirenalin don kashe zafin ɗinki ba ya shiga jijiya.

Amma kada mu yaudari kanmu. Asibitin da ba shi da na'urar shokin, waɗannan magunguna ba za su cike masa gurbinta ba.

4. Neman dalili

A ƙasashen Turawa yawancin manya toshewar jijiyar zuciya ce ke kayar da su. A ɗakunanmu na kwanciya sau da yawa wani abu ne dabam ya kai zuciyar ƙasa, kuma in ba a gyara shi ba ko kwalba ashirin aka ƙarar ba za ta tashi ba. Yayin da ake dannawa, mutum ɗaya ya ja gefe da fayil yana tambaya: iska ce ta yi ƙaranci? Jini ne ya zuba? Gishirin jiki ne ya rikice? Guba ce? Iska ce ta taru a ƙirji ta danne huhu, ko ruwa ne ya kewaye zuciya, ko gudan jini ne ya toshe hanya?

Yaro galibi numfashi ne ke fara yanke masa, saboda haka iskar oksijin ta fi masa kowace allura. Mai jego da ta zubar da jini, jini take buƙata da tsayar da zubar. Mai ciwon ƙoda da ya kwana biyu bai yi fitsari ba, ku zargi hauhawar fotasiyam: a ba shi kalsiyam gulukonet mai kashi 10, mililita 30, domin ya kare zuciya, sannan insulin yunit 10 tare da gulukos giram 25 domin su tura fotasiyam cikin ƙwayoyin jiki, a riƙa auna sukari bayan haka. Mai amai da gudawa kuma fotasiyam ɗinsa ƙasa yake yi. Shi a cikin ƙarin ruwa ake mayar masa a hankali. Fotasiyam da aka tura tsurarsa da sirinji kisa ne.

Iyayenmu ungozomomi, ga naku. Mai ciki da ta wuce mako 20, wani ya tura mahaifa zuwa hagu da hannu yayin da ake dannawa, ma'aunin magani da na shokin kuma ba ya canzawa. In ana ba ta magniziyam saboda jijjiga, a tsayar da shi a ba da kalsiyam. In minti huɗu ya wuce zuciya ba ta dawo ba, a fara aikin ciro jariri a nan inda take, domin hakan taimako ne ga uwar kanta.

Akwai kuma abin da aka sauke. Tun 2010 aka cire atirofin daga jerin magungunan tsayawar zuciya. Baikabonet da kalsiyam ba a ba kowa da kowa, sai da dalili irin wanda na ambata.

5. Zuciya tana bugawa amma ta yi sanyi

Bugu ƙasa da 60 ba ciwo ba ne a kan kansa, manomi mai ƙarfi yana iya kwana da 50 lafiya ƙalau. Majinyaci ake dubawa kafin lamba. Jininsa ya faɗi? Yana suma? Ƙirji na ciwo? Huhu ya cika da ruwa? In akwai ɗaya daga cikin waɗannan, a ba da atirofin rabin miligiram zuwa miligiram 1, a maimaita duk minti 3 zuwa 5, kada a wuce miligiram 3. In hanyar wuta tsakanin sama da ƙasa ta yanke gaba ɗaya, atirofin ba kasafai yake aiki ba. Sai a sa adirenalin a cikin ƙarin ruwa yana ɗiga, maikurogiram 2 zuwa 10 a minti, a nemi inda za a sa masa na'urar daidaita bugu.

Wuri ɗaya ne wannan iyaka ta miligiram 3 ba ta aiki, kuma ya shafe mu ƙwarai: gubar maganin ƙwari irin su fiya-fiya da wasu magungunan feshin gona. Za a kawo shi yana dalalar da yawu, gumi sharkaf, ƙwayar ido ta tsuke, ƙirji ya cika da ruwa. A fara da miligiram 1 zuwa 3, a riƙa ninkawa duk minti biyar har ƙirji ya bushe, bugu ya haura 80. Wani sai ya cinye kwalabe masu yawa. Tsoron ba da atirofin ya fi yawansa kashe irin waɗannan majinyata.

6. Zuciya tana gudu

Tambayoyin nan huɗu na sashen da ya gabata su ne dai a nan ma. In majinyaci ya jigata, ba a ɓata lokaci da magani, a sa shi barci a yi masa shokin da aka daidaita da bugunsa. In yana zaune yana magana da kai, kana da lokacin ɗaukar ECG, ka ga zanen siriri ne ko mai faɗi, a jere yake ko a hargitse. Ka kuma tabbata ba zazzaɓi ko rashin jini ko ƙishirwa ke sa ta gudu ba, domin irin wannan gudun taimakon jiki take yi.

Siriri mai tsari, bugu wajen 180, yawanci ga matashi da ya ce gabansa ne ke ta faɗuwa: kafin allura akwai dabara kyauta. Ka ba shi sirinji mai mililita 10 ya hura da ƙarfi har daƙiƙa 15 yana kishingiɗe, sannan nan take a kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa na wasu daƙiƙa 15. Binciken da aka buga a Ingila a 2015 ya nuna wannan ya gyara bugun kashi 43 cikin ɗari, tsohuwar hanyar hurawa kawai kashi 17. In bai yi ba sai adenosin, miligiram 6, in ya ƙi a ba da 12. Cikin daƙiƙa goma yake ɓacewa daga jini, don haka a babbar jijiya ake tura shi da sauri, ruwa na biye. Ku gaya wa majinyaci tun da wuri cewa zai ji kamar ransa zai fita na ɗan lokaci, zai wuce. Ba a ba mai asma. Wanda kuma ya ci goro ko ya sha shayi mai kauri, maganin yana iya yi masa rauni, domin kafeyin yana tare masa hanya.

Zane mai faɗi kuwa, ku ɗauke shi VT ne har sai an tabbatar da akasin haka. Amiyodaron miligiram 300 a hankali, cikin minti 20 zuwa awa ɗaya, ana auna jini. Kada ku kuskura ku ba shi berafamil. Akwai wani nau'insa da likitan Faransa Dessertenne ya bayyana a 1966, wanda zanensa ke murɗawa yana girma yana ƙanƙancewa. Ƙarancin fotasiyam da magniziyam na jawo shi, haka magunguna irin su kwinin da halofantirin da eritiromaisin da haloferidol. Maganinsa magniziyam salfet giram 2 cikin minti 10, kuma yana nan a ɗakin haihuwarku.

Siriri marar tsari shi ne AF, wanda muke yawan gani ga masu hawan jini da waɗanda ciwon maƙogwaro na yarinta ya lalata wa ƙofofin zuciya. Nan digoksin yake shigowa, musamman in zuciyar ta gaza. Tun shekarun 1970 Davidson da Parry suka rubuta yadda gazawar zuciya bayan haihuwa ta yawaita a Zariya, har yau kuma masu jego da dama a Arewa suna shan digoksin tare da Lasix. Lasix yana zubar da fotasiyam, ƙarancin fotasiyam kuma yana mayar da digoksin guba. In irin wannan baiwar Allah ta zo da tashin zuciya, tana ganin abubuwa rawaya-rawaya, bugu ya rikice, a dakatar da maganin a auna jini, kada a ƙara mata wani.

Dalilin da ya sa nake ta ja muku kunne shi ne duk maganin da ke gyara bugu yana iya ɓata shi. A 1989 aka dakatar da wani ɓangare na binciken CAST a Amurka, bayan an ga magunguna biyu, filekenaid da enkenaid, sun gyara zanen ECG tsaf amma masu shan su sun fi mutuwa. Garin neman gira aka rasa ido.

7. Tiren gaggawa

Wannan na shugabanni ne, ranku ya daɗe. Ba a fafe gora ranar tafiya. Adirenalin ba shi da tsada, amma sau nawa ake nemansa da tsakar dare a ce yana cikin kabad, makulli kuma yana wurin wanda ya tafi cin abinci? Sau nawa ake rubuta wa ɗan'uwan majinyaci takarda ya ruga kemis, alhali ana kan danna ƙirji? Ina roƙon kowane ɗaki ya samu tirensa da ba a kulle da kwaɗo, a duba shi a kowane canjin aiki, a sa hannu, a cire abin da wa'adinsa ya ƙare, a yi maganar kuɗi daga baya. Na'urar shokin ta kwana a caji. A riƙa yin atisaye ko sau ɗaya a wata, har da masu gadi da masu shara da masu tura gado, domin sau da yawa su ne ke fara ganin wanda ya faɗi. A kowane farfaɗowa kuma a samu jagora ɗaya, da mai riƙe agogo yana faɗin lokaci da ƙarfi, a riƙa canza mai dannawa duk minti biyu.

Mai girma shugaban taro, na ga an miƙo mini takarda cewa lokaci ya yi.   Yanzu fili naku ne. Mai tambaya ko gyara ya ɗaga hannu, kuma zan so a fara da 'yan'uwanmu na asibitocin karkara.